Yadda Aka Auna Mai Awo a Maryland

Tun da na dawo, duk wanda na haɗu da shi tambayarsa ɗaya ce: "Malam Bala, yaya Amurka?" A masallaci a tambaye ni, a wurin ɗaurin aure a tambaye ni, har mai facin da ke bakin layinmu sai da ya ajiye guduma ya ce in ba shi labari. Na gaji da cewa "Amurka sai hamdala," shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in huta.

Ga wanda bai san ni ba, aikina duba ma'auni ne. Shekara ashirin da ɗoriya ina zagaya kasuwannin Kano da gidajen mai, ina duba sikeli da famfo. Wanda ya yi daidai in manna masa takardar shaida, wanda ya kauce in sa a gyara. A shekarar 2012 ne ofishinmu ya samu gurbin mutum ɗaya a wani kwas na sati biyu a jihar Maryland, kusa da Washington. Da ya kamata ogana ne zai tafi, sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi, rabo ya faɗo kaina. A takardar gayyatar sun ce kowa ya taho da duwatsun awon da yake aiki da su, za a yi darasi a kansu. Nawa na tagulla ne, guda tara, cikin ɗan akwatin katako, daga mai giram ɗaya har mai giram ɗari biyu. Na gaje su ne daga wanda na canza a aiki. Ana gobe zan tafi na zauna a tsakar gida da toka da lemun tsami, na goge su ɗaya bayan ɗaya har suna ɗaukar ido. Matata Hadiza ta ce ko 'ya'yana ban taɓa yi wa wanka irin wannan ba.

Ita kuwa nata shirin daban ne. Ta ɗaure mini kilishi dami biyu, ɗaya nawa, ɗaya na masu masaukina, ga kuka, ga daddawa, ga yaji.

Matsalata ta farko a Jamus ta same ni, inda muka sauya jirgi. Na ɗora jakar hannuna a kan bel ɗin bincike, ta shiga na'ura, ba ta fito ba. Sai na ga ma'aikacin ya kira wani, wanin ya kira wata, su uku suna leƙen allo suna kallona. Aka ja ni gefe. Da na leƙa allon ni ma sai na ga dalilinsu, domin duwatsun nan a jere, dogaye masu ɗan kai, wallahi ba su da maraba da harsasai. Matar ta sa safar hannu ta buɗe akwatin a hankali kamar mai buɗe tukunyar maciji. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ce mene ne wannan. Turancina duk ya gudu. Na ce mata, "Kilo, kilo," ina nuna alamar sikeli da hannuwa biyu. Allah ya taimake ni takardar gayyatar tana aljihuna. Ta karanta, ta yi murmushi, ta ce kakanta ma yana da irinsu a shagonsa na magani. Aka sallame ni, na isa ƙofar jirgi ina haki, ni ne na ƙarshe.

A filin jirgin Dulles kuma ba mutum ne ya kama ni ba, kare ne. Wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. Mai riƙe da shi ya ce akwai nama a ciki? Na ce ba nama ba ne, kilishi ne. Ya ce da me ake yin sa? Na ce da nama. Shi ke nan, dami biyun nan ina ji ina gani aka jefa su cikin wani kwando. Daddawar kuwa da ya kwance ƙullin, ya ja da baya, ya ce wannan ta riga ta lalace ai. Na ce a'a, yanzu ta yi daidai. Ya daɗe yana bincike a littafinsa, daga baya ya ɗaure ta da hannunsa ya ce in tafi da abata.

A waje na tarar da Sani, abokina tun muna makarantar kwana. Yanzu injiniya ne, shekararsa goma sha bakwai a can. Ya yi ƙiba, gashi ya zube, amma dariyar tana nan. Ya rungume ni yana cewa, "Sarkin Awo da kansa! Ina kilishina?"

Na ce, "Yana wurin wani kare, je ka karɓa."

Gidansa yana Mitchellville, unguwa ce mai manyan gidaje da ciyawa a gaba, ba katanga, ba ƙyaure, ba kowa a waje. Ya nuna mini gidaje uku a layin ya ce duk 'yan Najeriya ne. Na ce to mu shiga mu gaisa mana. Ya ce ba a haka, sai an buga waya an sa rana. Na ce gaisuwar ce sai an sa mata rana kamar biki? Ya ce zan saba.

Matarsa Hajiya Binta ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ta yi tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo, amma abin da ya ɗaure mini kai, da wani kofi mai zane-zane take auna gari, da wani ƙaramin cokali take auna gishiri. Na ce, "Hajiya, ke ma aikinmu kike yi?" Ta ce, "Malam Bala, garin nan ba irin na gida ba ne, in ka yi masa awon ido sai ka tuƙa kunu." Tuwon kuwa ya yi, ba ƙarya.

Da na zo yin sallar la'asar na duba inda rana take, na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas. Sani ya shigo ya kama dardumar ya karkata ta hagu sosai. Na ce me ke nan? Ya ce a nan alƙibla arewa maso gabas take. Na ce Makka ta tashi ne? Ya ɗauko ƙwallon taswirar duniya da zare, ya ɗora bakin zaren a Washington, ɗaya bakin a Makka, ya ja. Zaren ya bi ta sama, wajen arewa. Na tayar da salla. Banɗakinsu ma sai da ya yi mini tasa. Famfon wanka hannu ɗaya gare shi, ka matsa kaɗan ruwan ƙanƙara, ka ƙara kaɗan ruwan fige kaza. Kwana uku na yi kafin na gano wurin da ɗan Adam zai iya tsayawa.

Washegari Lahadi, Sani ya kai ni kantin cefane. A nan na ga abin mamaki: ƙasar da na zo koyon awo a cikinta ba ta aiki da kilo. Fam suke yi da oza, mai kuma galan, zafin gari ma nasu lissafin daban, za ka ji an ce yau sittin, kai kuwa kana rawar ɗari. Tumatir kai za ka ɗiba, kai za ka ɗora a sikeli, na'ura ta faɗi nauyi. Na auna albasa na tsaya ina jira. Sani ya ce me nake jira? Na ce gyara. Ya yi dariya har yana riƙe keken kaya. Ya ce nan ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba a ƙara maka, kuma ba a rage maka. A gidan mai kuma, kai ne mai saye kai ne mai zubawa. Ni dai ban iya haƙuri ba, sai da na sunkuya na duba takardar da mai duba famfonsu ya manna, na karanta watan da aka yi, na ji kamar na ga ɗan'uwa a baƙon gari.

Ranar Litinin aka fara kwas. Mu goma sha ɗaya ne daga ƙasashe daban-daban. Malamarmu wata dattijuwa ce, Madam Ruth, gajera, farin gashi, tabarau rataye a wuya. Ɗakin awon nasu ba a shiga sai an sa farar riga, ba a buɗe taga, ba a jingina da tebur. Sikelin yana cikin akwatin gilashi, domin numfashinka ma yana iya motsa shi. Abincin rana kuwa burodi ne mai sanyi da ganye a ciki, kowa ya ci a tsaye. Kwana biyu na jure, a na uku Hajiya Binta ta fara ɗaure mini dafa-duka a kula.

A darasin farko ba ta taɓa sikeli ba. Ta rubuta kalma ɗaya a allo: calibrated. Kalmar nan na fi shekara ashirin ina buga ta a hatimi, kullum a raina ma'anarta "ya yi daidai." Ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi kusan haka. Ta girgiza kai. Ta ce abu ba ya zama calibrated don yana da kyau, ko don mai shi ya yarda da shi. Sai an ɗauke shi an gwada shi da wani ma'aunin da ya fi shi inganci, an ga inda ya kauce, an rubuta, in da hali an daidaita shi. Shi ma wancan na sama an gwada shi da na samansa, haka har a kai ga na ƙoli. Ta ce in aka ce maka abu calibrated ne, tambaya biyu za ka yi: da me aka gwada shi, kuma yaushe?

Daga nan ta ba mu tarihin kalmar. Ta ce asalinta daga calibre ne, wato faɗin bakin bindiga. Masu yin igwa a da dole su auna bakin da kyau, domin harsashin da ya yi ƙanƙanta ba ya zuwa ko'ina, wanda ya yi girma kuma ya fasa bindigar ya kashe mai ita. Daga auna bakin bindiga aka koma auna faɗin bututun gilashi na ma'aunin zafi ana yi masa zane-zane, daga nan kalmar ta bazu kan kowane irin ma'auni. Yanzu har 'yan siyasa suna cewa sun ba da amsa calibrated, wato sun auna maganar, ba ta yi zafi ba, ba ta yi sanyi ba. Na ɗaga hannu na ba su labarin abin da ya same ni a Jamus. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce ashe ma'aikatan ba su yi nisa da gaskiya ba, sana'armu da bindiga kakansu ɗaya.

Ranar Laraba aka ce kowa ya fito da duwatsunsa. Na buɗe akwatina ina taƙama, domin na wasu duk sun dushe, nawa kuwa kamar a ba amarya. Na sa hannu zan ɗauko ɗaya, Madam Ruth ta daka mini tsawa, ta miƙo mini hantsaki. Ta ce ba a taɓa dutse da hannu, gumin yatsa ma nauyi ne. Sannan ta sunkuya ta ƙura musu ido.

Ta ce, "Me ya sa suke ƙyalli haka?"

Na ce, "Ina kula da su ne. Duk Juma'a nake goge su."

"Da me?"

"Da toka da lemun tsami."

"Tun yaushe?"

"Tun da na kama aiki."

Ta ɗauki mai giram ɗari ta sa a cikin gilashi ta rufe. Muka tsaya muna kallon lambobi suna rawa har suka tsaya. Casa'in da tara da ɗigo shida. Ta cire, ta sa nasu, ya nuna ɗari cif. Ta mayar da nawa, bai canza ba. Haka muka bi sauran, kowanne ya rame gwargwadon jikinsa. Ta dafa tebur ta ce, a hankali, ba da wulaƙanci ba, "Duk ranar da ka goge su, kana cire musu kaɗan ne. Ƙyallin nan da kake gani, tagullar da ta tafi ce."

'Yan ajin suka yi ta tsokanata, wani ɗan Kenya ya ce a ba ni lambar yabo ta tsafta. Na taya su dariya, amma hankalina yana wani wuri. Kusan rabin giram ba komai ba ne a wurin mai sayar da nama. Amma dutsen nan da shi nake duba sikelin masu gwal.

Shekara huɗu kafin tafiyar nan na shiga layin 'yan gwal da wannan dutsen. Duk sikelin da na ɗora shi sai ya nuna ƙasa da ɗari. Na ce musu sikelinku yana rage nauyi, kuna tauye matan da ke kawo muku gwal. Kowa ya ce a yi haƙuri, aka kira mai gyara ya yi musu saiti a kan dutsena, na manna takarda. Mutum ɗaya ne ya ƙi, wani dattijo, Alhaji Na'iya. Ya ce sikelinsa sabo ne, kuma shi bai taɓa cin hakkin kowa ba, in je in binciki dutsena. Na ji haushi ƙwarai. Na ɗaga murya a gaban maƙwabtansa da masu ciniki, na ce tsufa bai hana shi tauye mudu ba. Na ɗauke sikelin na kai sito na kulle. Bai biyo ni ba, bai aiko kowa ba. Ni kuma na manta da shi sarai, sai ranar nan a gaban gilashin Madam Ruth.

Da Sani ya zo ɗaukata ya ga fuskata, ya ce ko na faɗi jarrabawa ne. Na ba shi labari muna cikin cunkoson babbar hanyar da ta zagaye Washington, motoci layi huɗu ba mai motsi, kuma ba mai yin oda. Ya ce, "To wa ya sani ban da kai? Ka sayi sababbi ka jefa waɗannan a rijiya, magana ta mutu." Na ce haka ne. Amma abincin Hajiya Binta na ranar bai wuce mini ba.

Ranar Asabar aka gayyace mu sunan jaririyar wani ɗan Nijar a Takoma Park. A wani zaure aka yi, mata da lesuka da gwaggwaro kamar a Kano, maza kuwa babbar riga a sama, rigar sanyi a ciki. Akwai waina, akwai dambu, har da fura da aka dama da yogot. A nan Sani ya haɗa ni da Malam Isuhu, mutumin Damagaram, ɗan jarida a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Muryarsa na daɗe da sani, ban taɓa zaton siriri ne haka ba. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya ajiye faranti.

Ya ce, "Bon, kai nike nema! Kalmar nan taku ta hana mu sakat a buro, can wurin aiki. Kullum sai wani babba ya ce martaninsu calibrated ne. Mi za mu ce da Hausa? Wani ya ce daidaitacce, wani ya ce aunanne, wata ta ce mai saiti."

Na ce duk sun kusa, amma malamarmu ta ce dole a ji cewa da wani abu aka gwada shi. Na ba shi labarin bakin bindiga. Ya ce ai su ma a Faransanci suna da calibre, daga wurinsu Ingilishi ya ara. Sai ya matso, ya rage murya kamar zai faɗi sirri. Ya ce masana da yawa suna ganin su ma Turawan daga Larabci suka samo, daga ƙalib.

"Ka yi makarantar allo ai. Mine ne ƙalib?"

Na ce abin da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki ya fito da siffa, ko itacen da baduku yake ɗora takalmi a kai.

"To ka gani! Abin da ake gwada wani abu a kansa. Wasu kuma sun ce su Larabawan daga Girkawa suka ɗauko, ban rantse ba. Kalmar ta fi ni da kai yawon duniya, kuma ba wanda ya tambaye ta biza."

Muka yi dariya. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina ba shi labarin Alhaji Na'iya, mutumin da ban fi awa ɗaya da saninsa ba. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Sannan ya ce su a rediyo, in suka yi kuskure a labaran safe, a labaran safe suke gyarawa, ba a wani lungun shiri da ba mai ji ba. Ya ɗauki farantinsa ya ci gaba da cin waina.

Sati na biyu ya wuce da sauri. Na ci jarrabawa, ba da wani babban maki ba. Sani ya kai ni na ga fadar shugaban ƙasarsu ta bayan shinge, ta fi ƙanƙanta a ido fiye da a talabijin. Mun je Springfield gaishe da wani likita ɗan Zariya, bayan an sa rana kamar yadda doka ta tanada. Na sayi sabbin duwatsu na baƙin ƙarfe mara tsatsa, Madam Ruth ta gwada su da hannunta ta ba ni takardarsu mai kwanan wata. Da za mu rabu ta ba ni hantsaki kyauta, ta ce lemun tsami a bar wa shayi. A hanyar dawowa na sa duwatsun duka a babban akwati, na bi ta Jamus ba wanda ya ko kalle ni.

Na koma ofis ranar Litinin na rubuta wa oga rahoto, ban ɓoye komai ba. Ya karanta sau biyu, ya ce, "Bala, ka san abin da ka rubuta kuwa?" Na ce na sani. Ya sa hannu, ya ce in je in gyara ɓarnata da kaina. Na karɓi makullin sito. Sikelin Alhaji Na'iya yana nan a saman kanta cikin leda, da sunan mai shi da rubutuna. Na saya masa sabon batir.

Na isa layin 'yan gwal da hantsi, kasuwa ta fara cika. Alhaji Na'iya yana zaune a kan buzunsa, da wani sikeli a gabansa, ya ƙara tsufa, yana jan carbi. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, barkanku da hantsi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Mai awo ne? An zo ɗauke wannan ɗin ma?"

"A'a, Baba. Na dawo muku da naku ne."

Na kwance ledar na ajiye a gabansa, na kunna. Na ɗauko sabon dutse da hantsaki na ɗora. Ɗari cif. Na ce masa sikelinsa lafiya lau yake tun ranar, dutsena ne ya rame, ni na ramar da shi da hannuna. Na ce na zalunce shi, ya yafe mini.

Ya kalli lambar. Ya ce, "A ina ka gano?"

"A Amurka, Baba."

"Ikon Allah. Har Amurka ka je aka faɗa maka abin da na faɗa maka a nan kyauta."

Na sunkuyar da kai. Ya ce ya yafe, tun a ranar ma ya bar ni da Allah, yanzu kuma ya janye. Na yi godiya na fara haɗa kayana. Sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Waccan maganar a kunne ka raɗa mini ita?"

"A'a, Baba."

"To."

Na miƙe na fita tsakiyar layin. Ni da na saba ɗaga murya a kasuwa, ranar sai da na yi gyaran murya sau uku. Na yi sallama, mutane suka juyo, masu shaguna suka leƙo. Na ce ni ne na tsaya a nan shekara huɗu da suka wuce na ce Alhaji Na'iya yana tauye awo. Na ce ƙarya na yi masa, sikelinsa ne kaɗai mai gaskiya a layin nan, duk wanda aka yi wa saiti a kan dutsena ya fito da nasa a sake.

Can wani daga ƙarshen layi ya ce, "Ba mu ji ba!"

Na waiwaya na dubi Alhaji. Yana jan carbinsa, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ka ji ai. Ƙara."

Na ƙara, da ƙarfi, har masu atamfa na layin baya suka zagayo kallo. Kafin in rufe baki mutum shida sun jeru da sikeli a hannu. Alhaji ya matsa gefe a kan buzunsa ya ba ni wuri, ya aika a kawo mini ruwa, a shagonsa na zauna na yi aikin har aka kira la'asar.